Yadda muka kai kokenmu gaban kansiloli bayan an shafa wa rumfunanmu jan fenti

Ran wata Talata, mako biyu bayan Babbar Salla ta bara, na iso rumfata da sassafe na tarar an shafa wa kwanonta jan fenti, an rubuta lamba a ƙasa. Duk layinmu haka yake, daga kwanar masu kayan miya har bakin kwalbati, rumfuna da tebura da kwantena 47. Ni tela ne, shekarata 14 a gefen ɗaya daga cikin kasuwannin cikin garin Gombe, da keke uku da yara biyar masu koyon ɗinki. Da yake ni ke riƙe littafin adashin layin, sai aka wayi gari ni ne sakataren tafiyar. Mun ɓata kusan wata guda muna ƙwanƙwasa ƙofofin da ba su ne ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani zai huta da wahalar da muka sha.

A ranar babu wanda ya yi cinikin kirki. Wani ya ce an sayar wa wani attajiri wurin, wani ya ce gidan mai za a gina, wani ya ce gobe katafila za ta iso. Muka fara zuwa wurin sarkin kasuwa, ya ce ikonsa a cikin katanga yake, mu kuwa a waje muke. Da yamma muka sayi goro muka je gaida mai unguwa, wanda dattawan wajenmu ke kira Jauro. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce an sanar da shi za a faɗaɗa titi a gina babbar magudanar ruwa, kuma akwai maganar sababbin shaguna a bayan kasuwa. Shugabanmu ya ce, "Allah ya ja zamaninka, to mu ina za mu?" Ya ce wannan ba a hannunsa take ba, mu nemi kansila, kuma ya ja mana kunne kada yaranmu su kuskura su tare hanya, don ranar da aka ƙona taya ɗaya, ranar maganarmu ta mutu. Mun riƙe wannan, kuma daga baya na ga amfaninta.

Maimakon mu wuce wurin kansila kai tsaye, sai wani mutum mai yawan zama a majalisar masu shayi ya ce shi ya san manya a sakatariya, a haɗa masa kuɗin mota da na gaisuwa zai kashe maganar. Kowa ya ba da Naira 500, kuɗi suka tashi Naira 23,500. Mako biyu yana ce mana gobe, jibi, oga ya yi tafiya, har ya daina ɗaukar waya. Asarar kwanakin ta fi ta kuɗin ciwo, domin wa'adin da aka rubuta a takardar da aka manna a bangon kasuwa yana ta tafiya.

Kansila mun same shi a gida bayan sallar Asuba, don nan ne lokacin da ake samunsu. Mun tarar da layi a zaure: mai takardar magani, mai katin suna, mai neman kuɗin makarantar ɗa. Sai wajen ƙarfe takwas muka shiga. Abu na farko da ya warware mana shi ne, kansilan mazaɓar da kasuwar take shi ne mai gabatar da maganar, ko da kuwa kowannenmu a wata unguwa yake kwana. Jihar Gombe na da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114, kowace mazaɓa da kansilanta, kuma garin Gombe ya faɗaɗa har ya tsallaka iyaka, wanda ke zaune a Tumfure misali a Akko yake, sakatariyarsa tana Kumo. Sannan ya ɗauki biro ya ja layi uku a bayan wata ambulan. Ya ce maganarmu ba ɗaya ba ce, uku ce. Titi da abin da ke gefensa na gwamnatin jiha ne. Kasuwa da shaguna da harajinsu na ƙaramar hukuma ne. Maganar aikin yi ga yara kuwa kowane mataki na gwamnati da nasa shirin. Na ce, "Honarabul, to ai ga shi mun faɗa maka, sai ka kai." Ya ce, "Malam, in na tashi a zauren majalisa na ce 'yan layi kaza sun zo gidana, za a tambaye ni ina takardarsu. Ku rubuto."

Rubutun ma aiki ne. Na zauna dare biyu na cika shafi huɗu, na zuba duk abin da ke cikinmu, tun daga tsadar kaya bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 har zuwa marayun da wasunmu ke riƙo. Na kai wa wani dattijo a unguwarmu da ya yi ritaya daga aikin akawu. Ya karanta a hankali, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, duk gaskiya ka faɗa, amma me kuke so a yi muku? Ban gani ba." Da jan biro ya mayar da ita shafi ɗaya. Sakin layi na farko ya ce mu su wane ne, mu nawa ne, tun yaushe muke wurin. Na biyu ya ce ba ma adawa da aikin. Na uku ya jera buƙatu uku da lamba: a ƙara mana wa'adi tare da nuna mana wurin zama na wucin gadi, a sa mu a gaba wajen rabon sababbin shaguna, a ɗauki yaranmu a aikin ginin da shirin koyon sana'a. Ya ce a rubuta ta da Turanci zuwa ga shugaban kansiloli ta hannun akawun majalisa, a aika kwafi ga ciyaman da kansilanmu da hakimi, a kuma yi ta Hausa a karanta wa kowa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Shi ne kuma ya tambaya ko ƙungiyarmu na da rajista. Ba mu da ita. Muka je sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da tsarin mulkin ƙungiya na shafi biyu, da sunayen shugabanni, da hotuna bibbiyu, muka biya Naira 5,000 aka ba mu rasit, takardar ta fito bayan kwana takwas.

Sai maganar hujja. Dattijon ya ce kowa ya kawo duk wata takardar biyan haraji da yake da ita. A nan ne na ga abin da ban manta ba. Wata tsohuwa mai tuyar masa a kusa da ni, da muke kira Inna, ta zo washegari da gwangwanin madara babba a ɗaure cikin ɗankwali. Ta buɗe, sai ga tikitin kullum na shekara tara, an ɗaure su da roba wata-wata, wasu sun yi baƙi da hayaƙi, wasu mai ya jiƙe su har rubutun ya dushe. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta ce marigayi mijinta ya ce mata takardar hukuma ba a yar da ita. Mu masu ɗan karatun, da yawanmu ko ɗaya ba mu ajiye ba. A cikin mutum 47, 31 ne suka iya kawo wani abu. Muka haɗa jerin sunaye da lambar waya da sana'a da shekarun kowa, muka ɗauki hoton kowace rumfa da lambar da aka rubuta mata. Buga takarda da fotokwafi da wanke hotuna sun ci Naira 14,000.

Ran da muka kai takarda sakatariya muka sake yin kuskure. Mun ga wani a bakin ƙofa ya ce mu kawo zai shigar, muka miƙa muka juyo muna murna. Bayan mako guda na koma tambaya, babu wanda ya san da ita. Wata ma'aikaciya ta dube ni ta ce, "Ina kwafinku mai hatimi?" Na ce ba a ba mu ba. Ta ce to a wurin hukuma ba ku kawo komai ba. Ita ta nuna mini ofishin rajista inda ake karɓar wasiƙu. Aka shigar da tamu cikin babban littafi, aka buga hatimi mai kwanan wata a kan kwafinmu, mai karɓa ya sa hannu, ya rubuta lambar fayil. Ko kwabo ba a karɓa ba, kuma duka bai fi minti goma ba. Na bi sauran ofisoshin da kwafinsu, kowanne sai da na ga hatimi kafin in fito. In za ka je, ka je tsakanin Litinin da Alhamis daga ƙarfe goma, don ran Juma'a da an doshi masallaci aiki ya tashi.

Mako uku muka yi muna jira. Duk Litinin nakan rufe keke in hau Keke Napep in je wurin akawun majalisa da lambar fayil a hannu. Zuwa na biyu ya ce an karanta takardar a zaman majalisa, an miƙa ta ga kwamitin ayyuka da kasuwanni. A mako na uku kansiloli huɗu suka zo layinmu da shugaban sashen ayyuka da jami'in tara haraji, suka ja tef daga tsakiyar titi, suka ƙirga mu, suka duba filin bayan kasuwa inda manyan motoci ke sauke kaya. Shugaban sashen ayyuka ne ya faɗa mana gaskiyar da ba ma son ji. Ya ce tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da ban-ɗakunan jama'a da shaguna, amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna. Don haka ko kansiloli duka sun ɗaga hannu, ba za su iya goge jan fentin ba, ba kuma za su iya yanka mana sabon fili a cikin gari ba. Abin da ke hannunsu shi ne filin kasuwa.

Ya ba mu shawara mu je hukumar tsara birane ta jiha mu ga taswira da idonmu. Muka je mu uku. Wani injiniya ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya ɗora yatsa a layinmu, sai ga shi duk muna cikin filin da aka ware wa titi tun asali. Na fito da tikitin Inna na nuna masa. Ya juya shi a hannu cikin girmamawa ya ce wannan shaida ce ta cewa ta yi kasuwanci ta biya haraji, ba shaidar mallakar wuri ba ce, saboda haka kada mu sa rai da diyya. Gwiwata ta yi sanyi. A hanyar dawowa babu wanda ya ce uffan. Amma zan faɗi gaskiya, magudanar nan ana buƙatarta. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san yadda ƙasarmu mai yashi take, ya san yadda kwari ke cin gidaje in ruwa ya sauko daga tudu. Ni kaina sau biyu ruwa na shiga rumfata da dare, sau ɗaya har ya lalata shaddar amarya da na biya daga aljihuna. Da daren nan muka yi taro a masallacin layi, aka yi ta ce-ce-ku-ce, a ƙarshe aka amince mu daina maganar kada a tashe mu, mu koma maganar yadda za a tashe mu da inda za mu sauka.

Takardar gayyata zuwa zaman sauraron jama'a ta iso kwana huɗu kafin ranar. An rubuta ƙarfe goma, mun isa tara da rabi, an fara sha biyu saura. Zaure ne madaidaici, dogon tebur a tsakiya, kansiloli a gefe biyu, shugabansu a can sama, mu kuma a kan bencina a baya, fanka ɗaya ke juyawa. Aka shigo da sandar majalisa kowa ya miƙe, aka yi addu'a, akawu ya karanta bayanan zaman da ya gabata. Wani daga cikinmu ya ɗaga hannu tun a nan, aka ce ya sauke. Ashe muddin majalisa na zamanta na ƙa'ida, kansila ne kawai ke magana, baƙo kallo ne nasa. Sai da shugaban kwamiti ya karanta rahoton ziyararsu, wani kansila ya nemi a jingine ƙa'ida a saurari waɗanda aka gayyata, wani ya goya masa baya, sannan aka ce kowane ɓangare mutum biyu, kowa minti biyar.

Mun shiga da tunanin mu kaɗai ke da koke, ashe ba haka ba ne. Wakilin masu shaguna na cikin kasuwa ya tashi ya ce su ke biyan haya mai tsada duk shekara, mu kuma mun toshe ƙofa mun tare masu ciniki, kuma ranar da gobara ta tashi motar kashe gobara ba ta da ta inda za ta shiga. Na ji zafi a raina, amma ban iya ƙaryata shi ba. Shugaban masu Keke Napep ya ce in an kori kowa daga bakin titi ba a ware masu wurin tsayawa ba, cunkoson zai dawo cikin mako guda. Direbobin manyan motoci suka ce in an gina shaguna a filin baya, su ina za su sauke buhuna? Sai wani bawan Allah da ke kan keken guragu, mai sayar da katin waya, ya ce duk shagunan da aka taɓa ginawa matakala ake yi masu, shi ba ya iya hawa, a bar masu ko biyu a ƙasa kusa da ƙofa. Zauren ya yi tsit. Babu wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu, har da mu da muke cewa muna magana da yawun talaka.

Da aka kira ni, ƙafata na rawa. Na ce, "Ranka ya daɗe shugaba, masu girma kansiloli, ba mu zo hana aiki ba." Na karanta buƙatunmu uku kamar yadda suke a takarda, na faɗi adadinmu da na yaran da ke koyon sana'a a ƙarƙashinmu, su 63, na ce in layin ya watse ba tare da matsuguni ba, waɗannan yaran majalisar bakin titi za su koma. Na ajiye gwangwanin Inna a kan tebur na buɗe. Wani kansila ya zaro ɗauri ɗaya yana dubawa, ya miƙa wa jami'in haraji. Minti huɗu na yi na zauna. Inna ce ta biyu. Ba ta wuce jimla uku ba: ta ce 'ya'yana, da wannan kasko na aurar da mata huɗu, ban taɓa kwana da bashin hukuma ba, ku nuna mini inda zan kafa murhu.

Bayan nan aka koma zaman ƙa'ida, muka koma 'yan kallo, kuma a nan na ga yadda ake yanke shawara. Wani kansila daga wata mazaɓa ya ce kasuwa ta kowa ce, in aka ba mutanen layi ɗaya fifiko, shi me zai gaya wa nasa mutanen? Kansilanmu ya ce ba kyauta muke nema ba, masu biyan haraji ne za a rasa in an watsar da su. Wani ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya ce ai yanzu sai a gina wa kowa. Aka nemi bayanin ma'aji, ya ce ko da kuɗi, abin da ba ya cikin kasafin bana ba ya da hurumin kashe masa ko sisi, kuma shaguna 40 ne kawai a kasafin. An kai kusan awa biyu ana ja. A ƙarshe aka ɗaga hannu a kan ƙudiri mai gaɓa biyar: a rubuta wa jiha neman ƙarin wa'adi, a ba mu gefen filin baya na wucin gadi a bar wa manyan motoci sauran, a ware rabin shagunan ga waɗanda aka tasa masu shaidar biyan haraji, biyu daga cikin sauran su zama na masu buƙata ta musamman, a kuma nemi ɗan kwangila ya ɗauki leburori daga mazaɓar tare da ware gurbi 20 na koyon sana'a. Mutum biyu suka ƙi, sauran suka amince.

Mun fito ana ta barka, wasu har sun fara zaɓen shago da baki. Dattijon nan da ya gyara mana takarda ya ce mu dakata, ƙudirin kansiloli shawara ce da amincewa, mai aiwatarwa ciyaman ne da ma'aikatansa. Ya ce in koma in nemi kwafin ƙudirin a rubuce. Sai da na yi zuwa uku kafin a gama buga shi a sa hannu. Da shi muka nemi ganin ciyaman, muka cike fom ɗin baƙi, muka zauna daga ƙarfe goma har bayan La'asar, ganawar kuma ba ta wuce minti goma ba. Ya karanta, ya yi rubutu a gefen takardar zuwa ga shugaban sashen ayyuka, ya ce wasiƙar jiha za ta fita cikin makon. Bayan kwana 12 aka manna sabuwar sanarwa, an ƙara mana mako shida.

Maganar aikin yi ita ta fi rikita mutane. Da yawa sun ɗauka irin shirin nan ne na 2021 da gwamnatin tarayya ta yi ta hannun hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, na ɗaukar mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma ana biyansu Naira 20,000 a wata har wata uku. Wasu kuma shirin ɗaukar matasa aiki na N-Power suke tunani, wanda aka fara a 2016. Namu ba ko ɗaya ba ne, ƙaramin shiri ne na wata shida, a kai yaro wurin mai sana'a ya koyi ɗinki ko walda ko gyaran waya ko aikin famfo, a ba shi ɗan kuɗin mota. Fom ɗin kyauta ne a sakatariya, amma kafin mu ankara wani ya yi fotokwafinsa yana sayarwa Naira 1,000 a bakin kasuwa, kuma duk wanda ya cike irin wannan an ƙi karɓa saboda babu lamba a jiki. Abin da aka nema shi ne lambar katin ɗan ƙasa (NIN), takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, hoto biyu, asusun banki mai BVN da sunan yaron kansa, da sa hannun mai unguwa. Yara biyar sun faɗi saboda sunan da ke katin ɗan ƙasa ya saɓa da na banki, wani Muhammad a nan Mamman a can, wani sunan kaka ya sa a ɗaya, sunan uba a ɗaya. Biyu kuma 'yan wata ƙaramar hukumar ne, aka ce su nema a can. A gurbi 20, yaran layinmu 12 suka shiga, sauran aka cike daga wasu unguwanni. Ni ma na yi rajista a matsayin mai koyarwa, aka turo mini huɗu. Ɗan kwangila ya ɗauki tara aikin lebura, biyan kullum. Abin da ke damuna har yau shi ne a cikin 12 ɗin nan mace ɗaya ce tak, alhali kusan rabin layinmu mata ne. Laifinmu ne, don ran da aka raba fom maza ne suka je, ba mu kuma rubuta kason mata a takardarmu tun farko ba.

Ran tashi da kanmu muka cire kwanonmu da katakonmu kafin katafila ta iso, shi ya sa ba mu yi asarar kaya ba. Filin baya babu inuwa, ciniki ya ragu sosai a watannin farko. Da aka gama shaguna, 20 ne rabonmu, masu shaida kuma 31, sai aka yi ƙuri'a a gaban kowa, aka naɗe takardu aka zuba a hula. Inna ta samu, ni ma na samu. Mutum uku da suka ci sun kasa biyan kuɗin shekara, suka bar wa na bayansu. Mutum 16 da ba su da ko tikiti ɗaya ba a ma sa su a ƙuri'ar ba. Cikinsu akwai wani Baba mai gyaran rediyo da ya riga mu duka zama a layin, kowa ya shaida, amma babu takarda. Na je har sau biyu ina roƙo a karɓi shaidar mai unguwa a madadin rasit, aka ce ƙudirin bai faɗi haka ba. Da mun san haka, a ranar zaman za mu nemi a sa wannan gaɓar. Baba ya kwashe kayansa ya koma zauren gidansa.

Ga wanda irin wannan ta same shi, kafin ka taka ko'ina ka tambaya wane ne mai ikon yanke hukunci a kan abin, jiha ko ƙaramar hukuma, kansiloli ko ciyaman, don kowanne da iyakarsa, kuma ma'aikacin da ya ce maka ba a hannunsa take ba sau da yawa gaskiya yake faɗa. Kada ka ba kowa kuɗi sai da rasit. Takarda ta zama shafi ɗaya, buƙatu a fili, kuma kada ka bar ofishi sai da hatimi a kwafinka da lambar fayil. Ku yi rajistar ƙungiya tun ana zaman lafiya, ku tanadi gwangwani irin na Inna. Kafin ranar zama ku nemi waɗanda kuke ganin abokan jayayya ne ku zauna da su, da mun yi haka da masu shagunan ciki da direbobi, da mun shiga da murya ɗaya. Ku saurari kalmomin ƙudiri da kyau lokacin da ake karanta shi, in akwai wanda aka bari a baya ku rubuta wa kansilanku a 'yar takarda nan take, domin bayan an ɗaga hannu gyara na da wuya. Iyaye kuma su duba sunan 'ya'yansu a katin ɗan ƙasa da banki tun yanzu, kafin wani fom ya fito. Duka tafiyar, har da kuɗin mota da abin da mutumin can ya ci, ta ci mana kusan Naira 70,000 da wata biyar.

Ma'aji ya ce abin da ba ya cikin kasafi ba a yinsa, don haka bana tun kafin a fara haɗa kasafin baɗi muka shigar da sabuwar takarda. Mun nemi ƙarin shaguna ga mutum 27 da har yanzu ba su da matsuguni na dindindin, da ban-ɗaki da famfo, da a karɓi shaidar mai unguwa ga wanda ba shi da rasit, da a ware wa mata rabin guraben koyon sana'a. Wannan karon masu shagunan ciki da masu Keke Napep sun sa hannu tare da mu. Kwafinmu mai hatimi yana cikin aljihun keken ɗinkina, kuma akawun majalisa ya ce in leƙo ran Litinin ta sama in ji ko an sa ta a jerin abubuwan da za a tattauna.